Ranar da Kakakin Jami'a Ya Sha Ruwa a Gaban Kyamara

Akwai wani mutum da ke aiki a wata babbar jami'a ta gwamnati, shi ne kakakinta. Duk abin da jami'ar za ta faɗa wa duniya, ta bakinsa yake fitowa. Idan ɗalibai sun yi bore, shi ake kira gidan rediyo. Idan malamai sun tafi yajin aiki, shi ne zai gyara zaman tabarau ya fuskanci kyamara.

Allah ya ba shi baki. Idan ya fara magana, sai ka manta da tambayar da ta kawo ka. 'Yan jarida kan shiga ofishinsa da zafinsu, su fito suna dariya, sai sun kai bakin titi sannan su tuna bai amsa musu komai ba.

Ɗalibai suka sa masa suna Malam Ba-Komai, saboda ko rufin aji ne ya rufta, da "babu wata matsala" sanarwarsa take farawa. Ya san da sunan, kuma daɗinsa yake ji. Yakan ce wa ma'aikatan ofishinsa, aikin kakaki shi ne ya sa mutane su yi shiru, ba ya ƙara musu abin surutu ba. A ganinsa jama'a ba bayani suke so ba, lallashi suke so, kamar yara.

Mutumin nan yana da yaya mace wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinkinta ta kai shi har ƙarshen karatu. Har ya fara furfura Auta take ce masa. Idan ta gan shi a talabijin, takan kira maƙwabta su zo su kalla, tana nuna shi da baki tana cewa ita ta koya masa ɗaura igiyar takalmi.

'Yarta ta samu shiga wannan jami'a, tana karatun shari'a. Tun tana ƙarama kawun nata yake kiran ta Lauya, don ba a faɗin magana a gabanta ta wuce ba ta yi gardama ba. Ya so ta zauna a gidansa, ta ƙi. Ta ce gidan Kawu ko tari za ka yi sai an fitar da sanarwa, ita ɗakin kwanan ɗalibai za ta zauna da ƙawayenta. Ya yi dariya ya ƙyale ta.

Ana tsakiyar zangon karatu sai 'yan mata suka fara kwantawa a babban ɗakin kwanan. Zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki, amai. Kafin a ankara gadajen asibitin jami'a sun cika, wasu a kan benci ake yi musu ƙarin ruwa, an rataye ledar a jikin taga.

Shugaban jami'a ya kira taron gaggawa a ofishinsa. Injiniyan da ke kula da gine-gine ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye: tsohon bututun ruwan sha ya tsage a daidai inda ya ratsa kusa da ramin bayan gida, kuma ƙazanta na tsiyaya cikin tankin ƙasa. Ya ce a rufe famfunan yau, a faɗa wa ɗalibai da iyayensu. Likitan jami'a ya goyi bayansa.

Matsalar ita ce, a wannan makon ake sa ran wata tawaga da za ta zo duba ingancin jami'ar. Shugaban ya juya ya kalli Kakaki.

Kakaki ya yi murmushi. Ya ce idan aka rufe famfo an amsa laifi ke nan, kuma gobe sunan jami'a ne zai cika jaridu. A zuba magani a tanki, a yi gyaran a asirce cikin 'yan kwanaki.

"Ku gyara bututunku," in ji shi. "Bakin mutane kuma ku bar ni da shi."

Haka aka tashi taro. An zuba maganin sau ɗaya. Takardar izinin gyara kuwa ta tafi daga wannan ofis zuwa wancan, ta je ta kwanta a kan wani teburi, mai teburin ya yi tafiya.

Ana cikin haka wata ɗaliba 'yar ajin farko ta rasu. 'Yar wani kafinta ce, ita ce ta farko a gidansu da ta taɓa shiga jami'a.

Washegari Kakaki ya shiga rediyo. Ya yi ta'aziyya da murya mai sanyi, sannan ya ce bincike ya nuna yarinyar da ciwonta ta dawo daga gida. Ya ƙara da jan hankalin iyaye a kan tsabtar muhalli, don ba kowane gida ne ke kula da abin da yara ke ci da sha ba. Babu wani bincike da aka yi. A mota ya tsara maganar, yana kan hanyar zuwa.

Surutu bai lafa ba, sai ya yi wata dabara. Ya tara 'yan jarida a ƙofar ɗakin kwanan 'yan matan. Da yake maza ba sa shiga ciki, aka fito da ruwa a tulun gilas a kan faranti, ya ce yanzu aka taro shi daga famfon ciki. Ya zuba a kofi, ya ɗaga shi sama yadda kowace kyamara za ta ɗauka, ya shanye tas, ya yi hamdala. Ruwan roba ne da aka juye tun daga ofishinsa.

Kada ku ce bai tuna da Lauya ba. Ya tuna. Ya san tun da ciwon ya fara ta daina shan ruwan famfo, na roba take saya, wani lokaci ta tafasa. Sau da yawa ya ɗauki waya zai kira ta ya ce ta ci gaba da haka, sai ya ajiye. Ya san bakinta. Idan ya faɗa mata da safe, kafin azahar duk ɗakin kwanan ya ji. Sai ya lallashi kansa da cewa ai gyaran ya kusa.

Da yammacin ranar yayarsa ta kira shi. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, ko ta aika a ɗauko yarinyar ta zauna a gida har abin ya wuce?

Nan take ya hango yadda abin zai kasance: 'yar yayar kakaki ta fito da akwati, wani ya ɗauki hoto.

"Yaya, ba komai fa," ya ce. "Ba ki ga na sha da bakina ba?"

"Na gani, Auta. Shi ke nan, tunda kai ka faɗa."

Tana ajiye wayarsa ta kira 'yarta. Ta yi mata faɗa a kan bin jita-jita, ta ce kawunta da ya fi kowa sanin jami'ar ya sha ruwan nan duniya na kallo.

Lauya mai gardama, a wannan karon ba ta yi gardama ba. Ƙawayenta na ɗaki suna cewa su dai ba su yarda ba, sai ta ɗauki kofi ta tara a famfo ta sha a gabansu. Ta ce za a iya cewa komai a kan kawunta, amma ba zai yi ƙarya a kan ruwan da ita take sha ba. Wasu daga cikinsu ma, ganin haka, suka koma sha.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta ɗauka na sauro ne, ta sha magani ta ci gaba da zuwa aji. Ranar da ta faɗi a kan matakala aka wuce da ita babban asibiti. Likitoci suka ce ciwon ya huda mata hanji, sai an yi tiyata nan take.

Kakaki ya iso ya tarar da yayarsa a kan benci a ƙofar ɗakin tiyata, takalminta wari da wari, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ya zauna kusa da ita.

Ita ce ma ta dafa shi tana ba shi haƙuri. Ta ce kada ya ɗora wa kansa, ƙaddara ce. Sannan ta dube shi da kyau ta ce:

"Kai ma fa ka sha ruwan nan, Auta. Tashi ka je su duba jininka tun da wuri, kada ku haɗu ku biyu a kaina."

Ya tashi ya tafi, ba don a duba shi ba. Bayan ginin ya zagaya ya tsaya, ya jingina da bango.

Allah ya sa aka yi tiyatar lafiya, amma Lauya ta daɗe a kwance. Tana asibitin ne asiri ya tonu. Injiniyan ya ajiye aiki, ya faɗa wa 'yan jarida duk abin da aka yi a wancan taro. Da zance ya yi zafi, wani ma'aikacin ofishin Kakaki shi ma ya faɗi inda aka samo ruwan da aka sha a gaban kyamara.

A wayar wata mai jinya da ke gadon kusa yayarsa ta ji labarin. Da ya zo da rana da kayan dubiya, ta tare shi a baranda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, ruwan da ka sha, na famfon ne?"

Ya ce a'a.

"Lokacin da na kira ka na ce a ɗauko ta, ka san ruwan ba shi da kyau?"

Ya ce ya sani.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya nemi wuri zai zauna, sai ta ce:

"Kada ka zauna. Bencin nan na 'yan'uwan marasa lafiya ne."

Ta shige ciki ta bar shi da leda a hannu.

A jami'a kuwa komai ya rikice. Iyaye suka yi ta zuwa da motoci da babura suna kwashe 'ya'yansu. Aka sauke shugaban. Sunan jami'ar ya zama abin ba'a a gari. Duk abin da aka wallafa a shafinta, sai mutane su cika ƙasan da hoton Kakaki riƙe da kofi. Ko ranar jarrabawa aka sanar, sai ɗalibai sun je sun tambayi malami da kansu kafin su yarda. Masu neman shiga suka ragu sosai. Waɗanda suka gama a can kuwa, a wurin neman aiki har tsokanarsu ake yi, wai takardar shaidar tasu ta famfo ce ko ta roba.

Aka naɗa sabuwar shugaba, wata farfesa marar yawan magana. Kwamitin bincike ya rage wa Kakaki muƙami, aka karɓe mota da direba. Shi kuma ya je wurinta ya ce ya zo ne ya ajiye aikin gaba ɗaya.

Ya tarar da teburinta cike da zane-zanen wani kamfanin talla da aka ɗauko don a gyara sunan jami'a. Manyan alluna da za a kafa a tituna, ɗalibai suna murmushi, har da waƙa da za a riƙa sawa a rediyo. Ta tura masa su, ta ce a matsayinsa na wanda ya san harkar, me ya gani?

Ya duba. A da, da shi ne zai fi kowa yaba su. Ya ce mata gaskiya, duk allon da aka kafa, uban da ya kwana a asibiti da 'yarsa zai ga kamar dariya ake yi masa.

Ta tattara su ta ajiye gefe. Ta ce ba za ta hana shi tafiya ba, amma idan ya tafi haka, za ta kawo sabuwar fuska, mutane kuma su ce an canza baki ne kawai, ƙaryar tana nan.

"Da bakinka aka ɓata," ta ce. "Ka tsaya a gaban iyayen nan ka faɗa musu abin da muka yi. Bayan nan in ka ga tafiya ce ta fi, ƙofa a buɗe take."

Aka kira taron iyaye a babban zaure. Ya cika har bakin ƙofa. Shugabar ta fara ba da haƙuri da sunan jami'a, sannan ta miƙa masa abin magana.

Wannan ne karo na farko da ya tsaya a gaban jama'a ba tare da ya shirya yadda zai zille ba. Ya faɗi ranar da suka san ruwan ya gurɓata. Ya ce shi ne ya ba da shawarar a ɓoye. Ya ce ruwan da ya sha ba na famfo ba ne. Ya ce abin da ya faɗa a kan yarinyar da ta rasu ƙarya ce, ciwonta a jami'a ta same shi.

Zauren ya ɗauki hayaniya. Wani ya jefo robar ruwa ta same shi a kafaɗa. Bai kauce ba, bai kuma ce a fitar da kowa ba.

Da aka ɗan lafa, wani dattijo siriri ya miƙe daga baya. Kafintan ne. Ya ce mutuwar 'yarsa ya karɓe ta, Wanda ya ba shi ne ya karɓa. Abin da ya kawo shi daban ne.

"Tun ranar da ka yi magana a rediyo, uwar yarinyar nan ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba. A unguwa cewa ake yi ƙazantarta ce ta kashe 'yarta. Matar da ko kwano ba ta bari ya kwana. Nan ka faɗa a zaure, mu kaɗai muka ji. Su maƙwabtan namu wa zai faɗa musu?"

Kakaki ya ce zai koma.

Kuma ya koma. Gidan rediyon, shirin, lokacin da ya yi na farko. Ya wanke matar da bakinsa, ya roƙi maƙwabtanta su shiga su ba ta haƙuri a madadinsa. Daga baya ya nemi shagon kafintan ya je. Dattijon ya amsa sallamarsa, ya saurare shi a tsaye, kujeru sababbi na jere a shagon amma bai nuna masa ko ɗaya ba. Matar ba ta fito ba.

Bai ajiye aikin ba. Ya koma ƙaramin ofis, ya fara wani aiki da bai taɓa yin irinsa ba.

Abu na farko da ya roƙi shugabar shi ne, a daina cewa mutane su yarda da jami'a. A ba su hanyar da za su duba da idonsu. Aka kafa kwamiti na iyaye da ɗalibai. Su ne za su ɗebi ruwa daga kowane tanki duk mako, su kai wurin gwaji a wajen jami'a, sakamakon kuma a manna shi a ƙofar ɗakunan kwana, a sa a shafi, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Ya sa aka buɗe layin waya na iyaye, kuma sau da yawa shi ke ɗauka da kansa. Wasu don zagi kawai suke kira. Yakan saurara har su gama. Idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ce bai sani ba, zai bincika ya kira. Ma'aikatansa sun ce farkon lokacin kamar ƙaya yake haɗiya kafin kalmar ta fito.

Watanni suka shuɗe ba a ga wani canji ba. Sakamakon ruwa na fitowa lafiya, mutane na cewa ai dama haka za su ce.

Sai ga wani mako, daidai lokacin rajistar sababbin ɗalibai, sakamakon tankin ɗakin kwanan maza ya dawo ba kyau. Ranar ƙarshen mako ce. Magatakardan jami'a ya zo ofishinsa da kansa. Ya ce ba ɓoyewa za a yi ba, jinkirtawa kawai. A rufe famfon a ce gyara ake yi, idan an gama rajista sai a sanar. Da ƙyar aka samu 'yan ɗaliban nan, yanzu kuma a kore su da hannu?

Kakaki ya ji maganar kamar muryarsa ce ta da ake maimaita masa. Ya ce:

"Ranka ya daɗe, wancan karon ma kwana kaɗan muka ce. Akwai yaron da ya sha ruwan nan da safe. Gara ya sani yau ya je asibiti."

Suka tafi wurin shugabar tare. Ta saurari kowa, ta ce a fitar. Kafin la'asar sanarwa ta fita: ga tankin, ga abin da aka samu, an rufe famfunan, motocin ruwa na hanya, duk wanda ya sha ya je a duba shi kyauta, ga kuma ranar da ake sa ran gama gyara.

An sha zagi. Wasu iyayen suka fasa rajista suka tafi da 'ya'yansu, kuma ba su dawo ba. Ranar da aka yi alkawarin gama gyara ta zo ba a gama ba, ya sake fitowa ya ce ba a gama ba, ga dalili. Amma ko ɗalibi ɗaya bai kwanta ba.

Bayan wani lokaci aka yaɗa jita-jita cewa ginin ɗakin karatu ya tsage, yana shirin rushewa. Jami'a ta ce an duba, ba haka ba ne, duk mai shakka ya zo a zagaya da shi. Kakaki ya zauna yana jiran hoton kofi ya cika shafin kamar kullum. An sa, amma kaɗan. Wata mata ta rubuta cewa, mutanen da suka faɗi na tanki da bakinsu a makon rajista, da ginin ya tsage da sun faɗa. Mutane da yawa suka bi bayanta.

Daga nan abin ya fara juyawa, a hankali ƙwarai. Shekara ta zagayo, wata ta biyo. Ɗakunan kwana suka sake cika. 'Yan jarida suka koma kiran ofishinsa kafin su buga labari, don sun san abin da zai faɗa musu zai tsaya. Har wasu makarantu suka riƙa aiko ma'aikatansu su ga yadda ake yi.

Kafintan ya shiga kwamitin iyaye, duk da ba shi da ɗa a jami'ar. Da tsufansa yake hawa tsanin tanki ya leƙa da kansa. Idan sun haɗu da Kakaki yakan amsa gaisuwa, daga nan ba ya ƙara ko kalma.

Lauya ta warke, da dogon tabo a cikinta. Ta rasa shekarar karatu, kuma ta ce ko da kyauta ba za ta sake taka jami'ar ba. A wata makaranta ta ƙarasa. Idan kawunta ya je gidan, takan durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa abin zama. Yakan jefa wata magana da gangan, wadda a da sai sun yi awa suna musu a kanta. Sai ta ce, "Haka ne, Kawu," ta tashi ta shiga ɗaki.

Yayarsa ba ta yanke zumunci ba. Ta ce ta yafe, kuma ya san ba ta ƙarya. Tana zuwa gidansa idan an yi haihuwa ko rashin lafiya. Har yanzu Auta take ce masa.

Da girma ya kama ta, yanar ido ta rufe mata gani, aka ce sai an yi mata aiki. Shi ya ɗauke ta ya kai ta asibiti. Ya shiga wurin likita, ya yi tambayoyi dalla-dalla, ya fito ya durƙusa kusa da kujerarta. Ya ce mata ƙaramin aiki ne, ba za a sa ta barci ba, idon kawai za a kashe, kuma yau ɗin nan za ta koma gida. Ya faɗa mata har da abin da ka iya biyo baya, bai rage komai ba.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce to, Allah ya sa.

Sai ta ji takun wata ma'aikaciyar jinya za ta wuce. Ta miƙa hannu tana lalube har ta kama gefen rigarta.

"'Yata, don Allah tsaya. Ban gani sosai. Shiga ki tambayo mini likita, aikin nan yaya yake?"

Ma'aikaciyar ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta ce ai ga ɗan'uwanta yanzu ya fito daga wurin likitan.

"Na sani," in ji tsohuwar. "Ke dai tambayo mini."

Yarinyar ta shiga ta fito, ta maimaita abin da ya faɗa, kalma da kalma. Sai a lokacin tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta cire takalmanta, ta ce a kai ta.

Aka tura ta ciki. Shi kuma ya tsuguna ya ɗauki takalman, ya tsaya a barandar yana riƙe da su. A ranar, dubban iyaye da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba suna karanta sanarwarsa su yarda. Matar da ta goya shi kuwa sai da ta nemi shaida.

Darasi: Amana ba da daɗin baki ake samun ta ba, kuma idan ta zube, allon talla ba ya kwashe ta. Hukuma ko makaranta na iya dawo da mutuncinta idan ta amsa laifinta, ta riƙa faɗin gaskiya tun kafin a tambaye ta, musamman ranar da gaskiyar ke da ɗaci. Amma ku sani, wanda ya fi yarda da kai shi ƙaryarka ke fara cutarwa, kuma ko ya yafe maka, ba lalle zuciyarsa ta koma yadda take ba. Idan an ba ka bakin jama'a, ka ji tsoron Allah a kan abin da za ka faɗa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana magana da yawun wasu, wataƙila ya same shi kafin ya ce ba komai.